Ranar da Muka Kwance Gurnau

Da sunan Allah nake farawa, Mai jin faɗuwar ganye a dajin da babu kowa, Mai jin abin da uwa ta roƙa ba ta buɗe baki ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku waɗanda Allah ya bar wa kunnuwansu, ku ara mini su kaɗan, zan mayar muku da su lafiya.

Ni ce Kuluwa, mutuniyar Kanfalale, garin da ke bayan hamadar gishiri, inda ayarin fatake ke juyawa ya koma gida. Ban taɓa sha'awar yawon duniya ba. Ni da ko maƙwabta zan shiga sai na dawo na sake duba murhu. Amma ga shi na taka ƙasashen da babu wanda ya taɓa takawa a danginmu, kuma dalilin bai wuce kunne ɗaya ba, kunnen dama na 'yata Yalwa.

Kanfalale a kan falalen dutse guda yake zaune, tun daga ƙofar gabas har maƙabarta. Ba mu da kogi, ba mu da rijiya. Ruwanmu yana can ƙarƙashin dutsen inda guga ba ta kaiwa, kuma abin da ke jawo mana shi wani inji ne da kakanninmu suka kafa a tsakiyar gari, girmansa ya kai rumbu uku a jere. Gurnau muke ce masa. Ba ya hutawa, don in ya huta ƙishirwa ta cinye mu.

Wanda bai zauna garinmu ba ba zai gane ba. Ba ƙarar kaɗai ba ce. Dutsen kansa rawa yake yi, abin ya shiga ta tafin ƙafa ya hau har haƙora. Ruwa ba ya kwanciya a randa. Kwano in kika ajiye a ƙasa, da kansa zai yi tafiya har bakin ƙofa. Nono kuwa sai a ragaya muke rataye shi, in ba haka ba kafin ki juya ya kaɗe kansa. Da ihu muke magana, har gaisuwar mutuwa. Yaranmu kuma, da yawansu, da sun doshi balaga sai jinsu ya dusashe har ya mutu. Ba ma kuka. Cewa muke, "Gurnau ya karɓi rabonsa," a dama wa yaron fura, shi ke nan.

An ce a zamanin farko Gurnau ya taɓa tsalle daga mazauninsa ya murƙushe mutane. Tun daga nan kowane gida ya kafa notinsa, ƙaton ƙarfe da ya ratsa ƙafar injin ya nutse cikin dutsen, da alamar gidan a kansa. Duk farkon rani ana Ranar Ɗauri: maza su fito da sifana, kowa ya ƙara tamke notin ubansa, mata suna guɗar da ba mai ji. Gidan da aka tarar notinsu ya yi sako-sako, sai sun shekara ba su ɗaga kai a gari ba.

'Ya'yana biyu. Na fari namiji ne, mutane na kiransa Nomau, ni dai kun san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ya zama magidanci a jiki ko da bai yi aure ba, shi ke zuba wa Gurnau mai. Tun kafin ya yi gemu jinsa ya tafi gaba ɗaya, amma ya saba. Da tafin ƙafa yake sanin azahar ta yi, don rawar dutsen takan sauya in mata sun buɗe famfuna. Da tafin ƙafa yake sanin an shigo gida. Yalwa kuwa auta ce, ba ta cika shekara goma ba, ina goye da ita ubansu ya rasu.

Wata safiya tana tsintar shinkafa na kira ta daga hagunta. Ba ta waiwayo ba. Na zagayo dama na kira, ta ɗago ta ce, "Inna, akwai sauro a wannan kunnen, ya ƙi fita." Da wannan sauron na yayanta ya fara.

Na tafi wurin Arzika, yayan marigayi mijina, shi ne Sarkin Inji. Na durƙusa na yi masa ihu kamar yadda ake yi:

"Yaya, ka ba ni izini in fita da ita daga garin nan!"

"Ki kai ta ina? Hamada? 'Yar ƙanina ba za ta mutu a hanya saboda kunne ba. Ni da kike gani, da rabin kunne na aurar da 'ya'ya biyar."

"To a nema wa injin magani mana."

"Kuluwa, tsoron nan naki ya fara taɓa miki kai. Je ki dama mata fura."

Ban dama ba. Na toshe mata kunnen da kakin zuma, ɗana kuma ya saƙa wata ƙatuwar ragaya ya rataye a tsakar ɗaki don ta riƙa kwana a ciki kamar ƙwaryar nono. Fatake sun taɓa ce mini can yamma akwai birnin da ya rufe bakin injinsa. Na ƙulla garin gero a ɗankwali na bi ayarinsu, ina tafe ina waiwaye har falalen ya ɓace.

Bayan mun ƙetare gishirin suka nuna mini hanya da sanda, suka ce su ba sa shiga can. Da hantsi na isa Birnin Lulluɓe. Ganuwarsa baƙa ƙirin, gidajensa babu rufi, ko tsuntsu ɗaya babu. Ina tafe sai na ji wani yana bina, tas, tas, tas. Na tsaya, ya tsaya. Na ruga, ya rugo. Sai da numfashina ya kusa ɗaukewa na gane takuna ne. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ƙarar ƙafata ba.

A gida ɗaya tak mai sauran ƙofa na tarar da wata tsohuwa, ta ce sunanta Hakama. Ta ja ni ciki ta ba ni ruwa, na gaya mata abin da ya kawo ni. Sai ta ce:

"Mu ma muna da irin naku, 'yar nan. Ya ishe mu. Muka tara audugar rimi, muka tara barguna, muka naɗe shi tun daga ƙafa har ka, duk wata kafa muka liƙe da laka. Ya yi tsit. Muka fito da ganguna. Muna cikin rawa shi kuma yana can yana dahuwa. Abin da ke aiki numfashi yake yi, mu kuwa mun toshe masa hanci. Wutar ta ci cikinsa ba mu ji ko ƙis ba, ai mu muka hana shi kuka. Da ta fito, tare da iska ta fito."

Na miƙe zan yi sallama, sai na ga ta kulle ƙofar ta ƙulle makullin a bakin zaninta.

"Iya, ina da yarinya tana jirana."

"Zauna ki yi mini magana. Ko zagi ne. Muryar nan taki mai kauri tana rufe nasu."

"Na su wa, Iya?"

"In an yi shiru suna kira. Ruwa suke nema."

Haka ta riƙe ni. In na yi shiru ta tsunkule ni. Na ba ta labarin garinmu, na ba ta na aurena, na ƙirga mata dangina rayayyu da matattu, har muryata ta dishe. Ƙarfi kam na fi ta, amma hannuna ya kasa taɓa tsohuwar da ta binne gari guda. Ran nan ina wanke mata ƙore sai dabara ta zo mini. Na cika kwatanniya da ruwa na kife ƙwarya a kai, na rataye wani tulu mai yoyo a sama. Ɗigo ya faɗo, ƙwaryar ta ce dum. Na ƙara wata ƙarama a gefe, na ƙara wata tsaka-tsaki, kowace da tulunta. Ɗakin ya cika da kiɗa marar makaɗi. Iya Hakama ta karkata kai tana saurare. Can ta nuna ƙaramar ta ce, "Wannan muryar Tabawa ce, ƙanwata." Ta kwance makullin ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Bi kudu har ki ji ƙasa tana rawa," in ji ta. "Mutanen Zubau sun san abin da mu ba mu sani ba."

Zubau kogi ne da ke faɗowa daga wani tsauni mai tsawon da sai hularka ta faɗi kafin ka ga kansa. Tun daga nesa ƙasa ta fara kaɗawa a ƙarƙashina, wallahi sai da na yi hawaye, kamar na dawo gida. Na tsaya ƙofar gidan farko na yi sallama da muryar Kanfalale. Kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya. Wani gajeren mutum mai jan gemu ya leƙo.

"Wa alaikumus salam, baiwar Allah. Gobara ce ko ɓarayi?"

Matarsa ta ture shi gefe. "Kai Jatau, bar ta ta sha ruwa tukuna. Kai da in kana minshari kifi ke barin gaɓa. Shigo, 'yar'uwa, ni ce Gwamma, kada ki kula shi."

Na taka dandamalin ɗakin sai na kusa faɗuwa. Ƙasan ba ya motsi. A waje ƙasa na rawa, a ciki kamar an ɗauke ta da hannu. Jatau ya ga idona, ya ja ni waje ya nuna mini gindin gidan. Ashe bai taɓa ƙasa ba sam, a kan wasu baƙaƙen matasai yake zaune, kamar manyan waina. Ya ɗebo ruwa a kwano ya ajiye a ƙasa, ruwan ya hau ɓari. Ya ɗora shi a kan matashi ɗaya, ruwan ya kwanta har na ga fuskata a ciki, fuskar da ta rame.

"Danƙo ne," in ji shi, "daga itatuwan can muke tatsa. To ku naku injin a kan me kuka zaunar da shi?"

Na gyara zama na ba shi labarin Ranar Ɗauri, har da ɗan alfaharina, don notin gidanmu bai taɓa sako-sako ba. Jatau ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"Da ƙarfe? A jikin dutsen da kuke kwana a kai? Kuma duk shekara ƙarawa kuke?"

Gwamma ba ta yi dariya ba, ta dafe baki. Da ya ga haka shi ma ya daina.

"Baiwar Allah," ya ce a hankali, "shi kaɗawa kawai yake yi. Ku kuka miƙa masa garin ya zama ganga. Yanzu nononku, a ina kuke ajiyewa?"

"A ragaya."

"Don me?"

Nono mun san mu raba shi da dutsen, 'ya'yanmu kuwa mun bar su a kai. Na kifa kai a cinyar Gwamma na yi kukan da ban yi ba ranar da ɗana ya kurmance.

Na zauna da su ina taya su tatsar danƙo suna koya mini haɗi. Ba zuba shi kawai ake yi ba. Shimfiɗar danƙo, shimfiɗar saƙaƙƙen zare, fallen ƙarfe siriri, sannan a sake danƙo, a yi ta hawa. In ya cika laushi nauyi zai latse shi ya zama banza, in ya cika tauri girgizar za ta ratsa shi ta wuce. Jatau ya ce in an ɗora injin, matashin ya nutse kamar kaurin yatsa, kada ya fi, kada ya gaza. Ya haɗa mini har da guntayen bututun danƙo da za a sa tsakanin injin da bututun ruwa.

"Ki riƙe wannan ko kin manta sauran," in ji shi. "Kada ƙarfe ko ɗaya ya haɗa shi da dutsen. Girgiza ɓera ce, rami ɗaya ya ishe ta."

"Ƙarar da ke biyo iska fa? Auduga dai na ga abin da ta yi."

"Wannan sai Dutsen Furfura. Allah ya sa ki dawo da bakinki, ko da yake naki ya isa a raba wa mutum uku."

Suka ɗora mini kayan a kan takarkari, Gwamma ta ƙulla mini busasshen kifi, na kama hanyar gabas.

Dutsen Furfura wuta yake amai. In narkakken dutsen ya yi sama, iska sai ta ja shi ta mai da shi zare siriri, ya sauko cikin kwaruruka ya taru, fari-fari toka-toka, kamar an aske kan tsofaffin duniya duka an zubar a wuri ɗaya. Na ɗaure takarkarin a gindin tsauni na shiga kwarin da rana tsaka. Tun daga bakinsa sauti ya fara mutuwa. Na tafa hannu, ban ji komai ba. Can nesa na hango mutane sun rufe fuska da hannuwa suna cusa furfurar a buhuna. Na kwarara musu kira, muryar nan da ta watsa kajin Zubau, sai ta faɗo a gabana kamar tsumma. Na ruga wajensu. Abin da na zaci ƙasa ce ashe bakin rami ne, na nutse har furfurar ta rufe kaina.

Laushi gare ta, ga ƙaiƙayi, ga ta fara kamar likkafani. Na ja mayafi na rufe hanci, na yi ihu, na kira Allah, na kira Yalwa, ko ni ban ji kaina ba. Sai wani tunani ya zo mini da ya fi ramin ban tsoro: ashe a nan ɗana yake zaune kullum.

Tunaninsa ne kuma ya fitar da ni. Na tuna yadda yake dafa dutse da tafin hannu in yana son sanin abin da ke faruwa. Na yi ta laluba har hannuna ya taɓa bangon ramin, dutse mai tauri. Na zare munduwar ƙarfen da ke hannuna na hau bugu. Na buga har kafaɗata ta mutu, na sauya hannu. Can na ji amsa, ba a kunne ba, a tafin hannuna: ƙwan, ƙwan. Ba a jima ba igiya ta sauko.

Sai da suka fitar da ni bayan kwarin shugabansu ya kwance rawaninsa, wani dogo mai suna Mantau. Ya ce su tun kakanni ta dutse suke kiran juna a wurin aiki.

"Amma baƙo bai taɓa kiranmu ta nan ba. Gawarsu muke tararwa. Wa ya koya miki, Inna?"

"Ɗana," na ce.

Ya yagi furfurar ya jefa a wuta, ta yi ja ta ƙi ci. Ya ɗaga wata a rana ya nuna mini ƙananan kafofin da ke cikinta, ya ce ƙara in ta shiga nan yawo take yi tana neman hanya har ta gaji ta mutu, don haka kada a danne ta, a bar ta sakayau. A gina wa injin ɗaki mai kaurin bango da tazara tsakaninsu, a jera furfurar a ciki, a rufe ta da ƙyalle don kada ƙurarta ta shiga ƙirjin mutane, a tare ta da kwanon rufi mai huji-huji. Na ba shi labarin Birnin Lulluɓe. Ya girgiza kai ya zana mini a ƙasa: ƙofar iska ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, kowace hanyarta a lanƙwashe kamar hanjin rago, an shimfiɗe ta da furfura. Iska ta iya shan kwana, in ji shi, ƙara kuwa a kwanar farko take buga goshi.

Da safiyar Ranar Ɗauri na shigo Kanfalale, ni da takarkari da jakunan da Mantau ya haɗa ni da su. Yalwa ta rugo ta faɗa jikina. Na cire kakin, na kira ta daga dama, shiru. Na matso, shiru. Sai da leɓena ya taɓa kunnenta ta ce, "Na'am, Inna." Saura ƙiris, amma yana nan.

Ban ko shiga gida ba na wuce dandali. Maza sun jeru da sifanunsu. Na ajiye kwanon ruwa a kan dutse, na ɗora wani a kan matashi, na yi musu bayani da iyakar muryata. Yaya Arzika ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Na gani, Kuluwa. Ruwa ya kwanta. Amma kwano ba ya tsalle ya murƙushe mutane. In muka kwance shi ya karya bututu, ke za ki shayar da garin nan?"

"Wallahi Yaya ban sani ba. Ni ma tsoro nake ji."

Ba wanda ya motsa. Sai ɗana ya fito daga layi ya durƙusa. Ya dafa dutsen, ya dafa saman matashin. Ya sake dafa dutsen, ya sake dafa matashin, ya daɗe a haka. Ya dube ni, ya dubi ƙanwarsa. Sannan ya ɗauki sifana ya ɗora a notin ubansa, ya juya ta baya.

Wani dattijo ya cire hula ya buga da ƙasa. Mata suka ɗora hannu a ka. Amma wata mai jego da ke kusa da ni ta dunguri mijinta a baya, ta nuna masa jaririn da ke goye, ya fita yana jan ƙafa. Daga nan sai ɗaya bayan ɗaya. Yaya Arzika ya ɗaga hannu ya tsayar da su.

"In za a yi, a yi da hankali. Kowa ya cika randarsa tukuna. Kuma a sa masa sarƙoƙi masu sako-sako ta kowace kusurwa, in ya yi tsalle su cafke shi." Da aka gama, shi da hannunsa ya kashe Gurnau, yana karanta abin da ya sawwaƙa.

Shirun da ya sauko ban iya kwatanta shi ba. Jarirai suka fashe da kuka. Wata tsohuwa ta toshe kunne ta ce a tayar da shi, tana jin zuciyarta. Daga wajen maƙabarta iska ta taso tana wani siririn fito da ba mu taɓa sanin tana yi ba, kowa ya kau da kai daga wajen. Maza suka ɗaga injin da jak mai ɗaga nauyi da gungume, aka zare notocin kakanni, aka jera matasan, aka sauke shi. Na sa yatsana na auna. Ya nutse daidai.

Da aka tayar da shi ya yi wani lilo, dandalin ya watse, har da masu gemu. Ni dai na tsaya ina kallo. Ya yi lilo, ya yi lilo, sannan ya zauna yana ɗan motsi kamar ƙaton mutum mai barci. Sarƙoƙin ko miƙewa ba su yi ba. Na dubi kwanon da ke kan dutse, ruwan ya kwanta.

Kafin damina muka gama ɗakin furfurar, Yaya Arzika yana sa hannu a ƙofar iskar sama safe da yamma yana jin zafin da ke fita. Gurnau ya koma gunaguni. Wata walaha Yalwa ta shigo da gudu ta ce, "Inna, wani abu na kuka a kan soro!" Na leƙa na ce kurciya ce. Ta ce, "Dama haka take yi?" Jin kunnen hagun bai dawo ba. Na daman kuwa sauron ya fita, jin yana nan har yau, har gulma takan jiyo mini da shi.

Ina cikin murna ban lura ba ɗana ya daina dawowa gida. Sai ran da na gan shi tsaye a tsakar gida ba takalmi, yana matsar da ƙafa nan da can kamar mai neman allura. Ya kwanta ya manna kunci a dutsen. Na dafa kafaɗarsa ya zabura kamar an soke shi, bai san na shigo ba. Azahar ta wuce shi bai sani ba. Ya tashi ya fita, na bi shi, na tarar da shi cikin ɗakin injin, cikin zafin nan, ya jingina baya da jikin Gurnau ya rufe ido. A nan yake wuni, a nan yake kwana.

Sai a lokacin na gane abin da ya daɗe yana dafawa a dandali. Ya san in dutsen ya daina rawa, ɗan jin da ya rage masa a tafin ƙafa ya tafi. Ni ban yi wannan lissafin ba. Shi ya yi, kuma ya juya sifanar.

Na rasa ci na rasa sha, har gargaɗin Jatau ya faɗo mini. Na koma wurin Yaya Arzika, wannan karon a hankali muka yi magana, abin har da ban kunya. Ya sa maƙera suka ja wani siririn ƙarfe daga haƙarƙarin Gurnau, aka sa masa rigar danƙo duk tsawonsa don kada ya taɓa dutse ko bango, aka bi da shi ta lungu, ta tsakar gidanmu kusa da murhu, har kan gadon ɗana, aka sa masa mariƙin itace. Rami ɗaya, na ɓera ɗaya. Na je na kamo hannunsa na kawo shi na ɗora a kai. Ya riƙe. Kafaɗunsa suka sauka. Bai sake ni ba, bai saki ƙarfen ba, har tuwona ya kama a tukunya. Yanzu irin ƙarfen nan ya shiga gidaje da dama a Kanfalale, duk inda Gurnau ya taɓa karɓar rabonsa.

Wani lokaci in gari ya yi tsit nakan ji kamar ɗigon ruwa a kan ƙwarya, in tsaya da tankaɗe ina tunanin wa ke cika wa Iya Hakama tulunanta. Sai dai in yi mata addu'a.

A daidai murhu akwai inda na yanke rigar danƙon kaɗan, faɗin tafin hannu. In abinci ya sauka nakan ɗauki muciya in buga a wurin sau biyu, gaɓa biyu na sunansa na yanka da bakina bai taɓa kamawa ba. Kafin in ajiye muciyar ya ɗaga labule.

Ga kunnuwanku nan na mayar muku yadda na karɓa. Allah ya bar muku su, ya kuma sa a kira ku ku ji.